Farin Kwanon Mai Allura

Goggona, ƙanwar babana, ba ta taɓa hawa keken ɗinki ba. Allura da zare ne sana'arta tun tana budurwa. Ka kawo mata rigar da ƙusa ta yaga, ko wandon da dutsen guga ya ƙona, ta cike wurin zare bayan zare, har kai mai kayan ka nemi inda aka gyara ka rasa. Shi ya sa kowa a unguwarmu Mai Allura yake ce mata. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta da ɗa a raye. Allurar nan ce ta riƙe ta, ita ce ta hana ta miƙa wa kowa hannu, kuma Goggo ta gwammace ta kwana da yunwa da ta yi roƙo.

Duk aikin a launi yake. "Ke, baƙi ba ɗaya ba ne," haka take gaya mini. "Akwai baƙin da ya sha wanki, akwai mai ɗan ja, akwai wanda shuɗi ne ya yi duhu. Rana kaɗai ke faɗin gaskiyarsu." To ina ranar? Ɗakin hayarta taga ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabci ya tokare ta. A bakin ƙofa take aiki, tana kora yara da kaji.

Da aka tashi gina mana zauren sana'a, mu masu ɗinki na unguwa, filin da aka samu a matse yake tsakanin benaye, ko ka yi taga bango za ka gani. Matar da ta zana ginin ta zo ta zauna da mu, ta ce kowa ya faɗi abin da yake so. Mu masu keke muka ce wuta da fanka. Goggo ta ce, "'Yar nan, ni rana nake so, amma ba mai cizo ba." Baiwar Allah ta yi dariya, kuma ta ji. Ta sa aka ɗaga rufin, aka shafa wa bango farin fenti, a tsakiya aka jera farin kwano mai kauri wanda haske ke ratsawa ya sauko a hankali. Tun safe har la'asar ba mai kunna ƙwan lantarki a zauren nan.

A ƙarƙashin kwanon Goggo ta kafa kujerarta, da gwangwanin zarenta a cinya. Kai, ta ji daɗin shekarun nan! In an ɗauke wuta muka yi jugum, sai ta ɗago ta ce, "Ni dai tawa wutar ba a yanke ta."

Sai wata damina gefen kwanon ya fara yoyo. Ɗigo ne kawai, amma ya sauka kan farar rigar wani, ya bar tabo. Goggo kuwa akwai baki. Ta sa shugaban kwamitin zauren a gaba, safe da yamma, har ya gaji ya kira kafinta ranar da ba ma zuwa aiki.

Washegari muka buɗe ƙofa, duhu ya tare mu. Kafintan na tsaye yana washe baki. Ya ɓamɓare farin kwanon gaba ɗaya, ya buga irin na kowa da kowa.

"Na yi maganinsa har abada," in ji shi. "Wannan ko ruwan ƙanƙara aka yi ba zai zuba ba."

Wallahi da hannuna ya kai ga gudumarsa, da ya ji a jikinsa. Shugaba kuma ya sha toka ya ce, "Goggo, ai ke kika ce a gyara. Ga ƙwai nan an sa miki, me kuma ya rage?"

Wannan maganar ta "ke kika ce" ita ta fi ci mata rai, don gaskiya ce.

A ƙarƙashin ƙwai, baƙi da shuɗi mai duhu duk ɗaya ne. Kowane zare sai ta tashi ta kai shi bakin ƙofa, ga gwiwa ta ƙi, ga lungunmu ba ya ganin rana sai tsakar rana. Ta koma matse ido, tana kai ƙyalle har bakin hanci, hawaye na zuba, kai na sarawa. Ba a jima ba wani ya dawo da kwat ɗinsa, ya shimfiɗa a gaban mutane ya ce, "Haba Mai Allura, wannan ai daga tsallaken titi ana hango shi." Ina kallo ta karɓa ta warware ɗinkin. Magana kuwa ba ta da wuyar yawo a unguwa. Masu kawo kaya suka ja baya, ita ma ta daina fitowa.

Ni ban yi shiru ba. Ba taron kwamitin da ban tayar da ƙura ba, kullum amsa ɗaya, za a duba. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Daga ƙarshe na nemo matar da ta zana ginin. Ta shigo ta ɗaga kai, ta duba rufin, sannan ta ce abin da ya lalace tun farko 'yar roba ce a gefen kwanon, aikin da bai kai wuni ba. Ita ta tsaya kai da fata har aka mayar da farin kwano.

Likita dai ya ce idon Goggo tsufa ne, ba laifin ƙwai ba. Wataƙila. Ni na san lokacin da abin ya fara.

Ranar da aka gama na je na ɗauko ta, na riƙo hannunta har kujerarta. Hantsi ne, haske ya cika zauren, har ƙurar da ke yawo a iska kana gani. Masu keke duk suka tsayar da aiki. Ta zauna, ta buɗe gwangwanin, ta zaro zare ta ɗaga shi sama. Ta juya shi, ta matso da shi, ta nesanta shi. Ranar tana kwance a cinyarta.

"Ke," ta ce da ni a hankali, "yau hadari aka yi ne?"

Na ɗaga kai. Ko ɗigon gajimare babu. Na rasa inda zan sa idona.

"Hadari ne, Goggo."

"Na ce ko." Ta mayar da zaren, ta lalubo murfin ta rufe gwangwanin. "To mayar da ni gida kafin ya sauko."