Motar Marigayi da Ta Ƙi Tafiya

Sallama gare ku, masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta. A lokacin da abin nan ya faru, ni matar aure ce a Sabon Gari, nan Maraɗi, mai yawan magana da saurin fushi, ba zan ɓoye ba. Maigidana yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, da ita yake ɗauko albasa da zogale daga lambunan Jiratawa zuwa kasuwa. Da ita muke ci, da ita yara ke zuwa lakwal, wato makaranta. An taɓa sace mishi wata kafin ita, tun daga nan ya daina yarda da kowa a kan mota. Yana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya: duk sanda zai shiga ko zai fita sai ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. Nakan ce mishi ya sayi takalmin da ya yi mishi daidai mana, ya yi murmushi ya wuce.

Yana da ƙane a Tsibiri, manomi. Tun ina amarya muke wasan ƙanin miji da shi. Ba ya shigowa gidan sai ya ɗaga murya tun daga zaure yana tambayar ina matarshi, me ta dafa mishi, ni kuma in ce ya koma ya wanko ƙafa tukuna. Yarana sun fi sakewa da shi a kan ubansu.

Wata ranar Laraba maigidana ya dawo daga Jiratawa, ya aje mota a ƙofar gida, ya ce kanshi na ciwo. Kafin magariba Allah ya karɓi abinshi. Duk tsawon takabata, ƙanen nan ne ke zuwa ya wanke motar ya rufe ta da tamfol, lakilen ma, wato makullin motar, a hannunshi yake. Da aka zo rabon gado motar ta faɗo a rabon yarana. Sai ya ce a ba shi ya riƙa ja, abin da aka samu ya kawo wa marayu. Na ƙi. Na ce ƙanena na ciki ɗaya zai ja. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarshi, amma ya miƙo lakile.

Ranar da ƙanena ya tada motar, ta tashi lafiya lau, ta ɗan gusa zuwa bakin lungu, sai ta yi tari ta mutu. Aka turo ta gida. Makanike ya zo ya ce mai ne ba ya isa inji. Ya tsiyaya esansi, wato fetur, a bakin injin, ta tashi, ta sake mutuwa. Ya canza famfon mai, ya wanke tanki, duk a banza. Na kira wani, shi ma haka. Na biyun ne ya ce in nemo mai aikin waya ya bi wayoyin motar ɗaya bayan ɗaya. Wallahi da na ji maganarshi da ban rubuto muku wannan ba. Amma lokacin na gaji, ga yara, ga kayan lambu na wuce mu, ga mata masu zuwa gaisuwa kowace da nata bayani. Wata gwaggota ta ce motar da ta tashi ta mutu a bakin lungu ba ciwon ƙarfe ke damunta ba, in tuna wanda ya riƙe lakile wata da watanni, kuma ya nema aka hana shi. Maganar ta zauna mini daram. Aka yi hayaƙi, aka yayyafa rubutu a tayoyi, mota tana nan kamar dutse.

Na hau adaidaita har Tsibiri wurin ƙanen mijina. A gaban mahaifiyarsu, tsohuwar da ba ta gama kukan ɗanta ba, a gaban matarshi da maƙwabta, na ce ya kwance abin da ya ɗaure wa motar marayu, in ba haka ba Allah ya isa tsakanina da shi. Na faɗi abin da ya fi wannan muni. Tsohuwa ta riƙe mini zane tana roƙona in yi shiru, ban yi ba. Shi kuwa ya dube ni kawai, ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya ɗauki hauyarshi ya fita. Daga ranar bai sake taka gidana ba. Da kaka ta yi, hatsin yara ya iso kamar kullum, amma a amalanken wani.

Motar ta shekara a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Da na rasa yadda zan yi, na yarda in sayar wa masu ɓaɓɓalla mota su sayar da kayanta. Kafin su zo na ce bari in share cikinta. Na zauna a kujerar direba, inda yake zama, kewarshi ta taso mini. Haka kawai na sunkuya yadda yake sunkuyawa. Hannuna ya shiga ƙarƙashin kujera, bayan wata roba, na taɓa wani ɗan maɓalli da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na danna, ya ce ƙas. A take na gane ba takalmi yake gyarawa ba duk shekarun nan.

Aka aro batir, aka zuba sabon mai. Mota ta tashi, ta wuce bakin lungu, ta zagaya har unguwar Zariya ta dawo. Mai aikin waya da aka kira ya ce maɓallin yanke mai ne, ana sa shi saboda ɓarayi: in an kashe shi wuta ba ta zuwa famfo, ɓarawo ya ja mota kaɗan ta mutu mishi. Marigayi ya kashe shi ranar Larabar nan kamar yadda ya saba, bai kuma gaya wa kowa ba, har ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi.

A cikin motar na je Tsibiri. Na durƙusa a inda na tsaya na zagi ƙanen mijina, na ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka ji zagin. Ya ce ya yafe duniya da lahira, na kuma san da gaske yake, don ba ya ƙarya. Yana zuwa duk abin da ya shafi yara, yana tsayawa a zaure a kira su.

Maza masu sa irin wannan maɓalli, ban ce ku daina ba, ɓarayi sun yi yawa. Amma ku nuna wa mutum ɗaya a gida, don ba ku san ranar da za ku aje mota ajiyar ƙarshe ba. Ƴan'uwana mata kuma, in abu ya lalace ku gama da masu gyara kafin ku ɗora wa ɗan'uwa. Ni na gaji da tunanin abin, amma ba ya barina. Jiya ma ya zo duba ƙaramin da ba shi da lafiya. Na leƙa zaure na ce ya wanko ƙafa ya shigo ga tuwo, ko zai tanka mini kamar da. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce ya gode Hajiya, a ƙoshe yake.