Saura Yatsa Biyu

Kawu ya ɗora wuƙar yankan fata a kwance bisa kan yaron, ya danne sumar, ya ja zane a katakon ƙofar shago da tsinin basilla. Haka suke yi kowace safiya kafin su zauna aiki. Ya kanne ido ɗaya irin na mai duba ɗinki, ya gwada tazarar da ke tsakanin zanen yau da wani zane mai zurfi da ke sama.

"Saura yatsa biyu, Dogo."

Shi ya laƙa masa wannan suna, don duk layin babu guntu kamarsa. Ɗan ƙanwarsa ne. Yana shekara shida aka kawo shi bayan rasuwar uwar, idanu sun kumbura. Kawu bai iya rarrashi da baki ba, sai ya ajiye masa 'yar kujera kusa da tasa, ya miƙa masa zare da kakin zuma. Shekara bakwai suka yi kafaɗa da kafaɗa, kai a sunkuye, guduma na yi musu hira.

Gyaran takalma ne sana'ar Kawu, bai taɓa yin wata ba. Da ƙafa yake gane mutane. Yakan san mai gaggawa da mai damuwa daga yadda dunduniya ta cinye. Matarsa takan ce ranar da ta sake takalmi, gaisuwar baƙuwa zai yi mata. Abu ɗaya ya nace wa Dogo a kai: ɗinkin ciki, wanda mai takalmi ba zai taɓa gani ba, shi ake fara kyautatawa.

Zanen nan mai zurfi kuwa tsayin da makarantar soja ta yara ke nema ne. Tun ranar da wani soja ya kawo takalminsa gyara, ya tsaya a ƙofa kamar an dasa shi, yaron bai ƙara son komai ba. Ya ci jarrabawa, saura awo, nan da mako guda. Kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce.

Kwana uku Kawu ya yi a kan takalmi ɗaya. Ya fere fata sirara-sirara, ya jera ta hawa-hawa a cikin dunduniya, ya rufe da shafi mai laushi, har ba mai cewa akwai wani abu. A rayuwarsa bai yi aiki mai kyau kamar wannan ba. Matarsa ta leƙo, ta juya takalmin a hannu, ta tambaye shi ko wannan ne ɗinkin cikin da ake koya wa yaro. Bai ɗago ba. Ya ce ta je ta duba tukunyarta.

Ɗakin awon dogo ne, da benci biyu da sandar awo a jikin bango, iyaye sun cika taga. Wani tsohon saje mai furfurar gashin baki ya shigo, kafin ya buɗe takarda ya ce kowa ya cire takalmi. Kawu yana taga tare da sauran iyaye. Shi da ya auna ƙafa dubu ba takalmi, bai taɓa kawowa a ransa cewa soja ma haka suke awo ba.

Da layi ya zo kan Dogo, sajen ya sa ƙafa zai ture takalmin gefe, sai ya ji nauyi. Ya ɗauka, ya zura yatsa ciki, ya daɗe yana lalube. Ya tambayi aikin wane ne.

"Ni na sa shi, ranka ya daɗe," in ji Dogo.

Sajen ya ce ba wanda ya sa ya tambaya ba, wanda ya ɗinka. Kawu bai san lokacin da ya baro taga ya shigo ba.

"Ni ne, yallaɓai. Yaron bai roƙe ni ba. In kora ce, ni za a kora."

"Ai ba mu ɗauke ka ba, baba, balle mu kore ka."

Yara suka ƙunshe dariya. Sajen bai yi ba. Ya dubi tsohon, ya dubi yaron: wuya iri ɗaya a karye, kafaɗu a tattare, idanu a kan ƙafafun mutane. Ya tambayi shekara nawa yaron ya yi yana ɗinki, aka ce bakwai. Sai ya jingina shi da sanda, ya dafa tsakiyar bayansa, ya ja kafaɗun baya, ya tallafi haɓar da yatsa ɗaya har idanun suka bar ƙasa. Kan Dogo ya taɓa zanen, har ya ɗan gota.

"Wannan ba gajere ba ne," in ji sajen. "Lanƙwasa shi kuka yi." Ya rubuta sunansa.

Daga baya ƙasa ta san yaron nan. Ya jagoranci runduna, ya tuɓe kaki ya riƙe mulki, kuma duk inda aka tambaye shi ƙuruciyarsa yakan ce mutum biyu ne suka yi shi: kawunsa da ya sunkuyar da shi kan aiki, da wani saje da ya miƙar da shi. Kawu kuwa har ƙarshen ransa sajen yake sa wa albarka, mutumin da bai ko san sunansa ba, sai dai yana tuna takalminsa, wanda dunduniyar hagu ta fi cinyewa.

Amma a ranar ba wanda ya san haka. Sajen ya miƙa wa Kawu takalmin, ya rage murya ya ce aikin dai ya yi kyau, kada a ƙara. Kawu ya yi godiya har sau uku. Ya saci kallon Dogo a cikin layin waɗanda aka ɗauka, ƙafa ba takalmi, kai a sama, ya ga fuskar ƙanwarsa sak, fuskar da ta yi shekara bakwai kusa da shi a sunkuye. Ya sa takalmin a hammata. A bakin ƙofa ya gwada miƙe nasa bayan, bayan ya ƙi, ya yi 'yar dariya ya fita.