Ruwan Figar Kaji

Shekara biyu na yi ina dafa ruwan figar kaji a gonar wani Alhaji, bayan garinmu, ta hanyar Makoɗa. Rabin durom ne a kan murhu, da kara da itace. Ma'aunina yatsa ne. In na tsoma na ƙirga uku na kasa jurewa, ruwa ya yi. In ya wuce haka fatar kaza saluɓewa take, masu otal na Kano kuwa ba sa karɓar irin wannan.

Sai Alhaji ya sayo boila mai aiki da gas. Doguwa ce fara, ta fi ni tsayi, bututu ta ko'ina. Har ɗaki aka gina mata da taga, ni da nake aiki a rana. Ban damu ba, don na gama sa wa raina ni za a danƙa wa ita. Wa ya san ruwan zafi kamata a gonar?

Injiniyan da ya haɗa ta ya nuna wani ɗan farantin ƙarfe a jikinta ya ce, "Waye zai karanta min wannan?"

Ni daga aji biyu na sakandare na gudu. Lambobin na gane, Turancin ya tsaya min. Sai ga taubashina, ɗan kawuna, wanda aikinsa jera ƙwai a kiret kawai, ya matso yana karantowa: lita nawa take ɗauka, wutarta kilowat nawa ce, matsin da ba a so ta wuce. Injiniya ya nuna masa bawul ɗin gas, ya ce ya riƙe allurar zafi a kan sittin. Shi ke nan, mukullin ɗakin ya koma aljihunsa, ni aka mayar da ni layin masu figa.

Kullum sai ya wuce ta gabana yana kaɗa mukullin. "Taubashi, yaya yatsa? A shafa masa man kaɗe, ya yi ritaya."

"Kai da ko shayi ba ka iya dafawa?"

"Ai ba ni ke dafawa ba, malam. Umarni nake bayarwa."

Dariya nake, amma wallahi ko ƙarar kunna boilar na ji sai raina ya ɓaci. Har safar hannu aka saya masa.

Ana saura kwana uku Sallah aka kawo aiki mai yawa. Ruwa ya zubo daga famfon boila cikin kwamin da muke tsoma kaji. Na sa yatsa, ko biyu ban ƙirga ba na janye. Na leƙa ɗakin, allura tana nan daram a kan sittin, taubashina kuma yana kan benci yana latsa waya. Na juya na koma layin figa. Na ce a raina, bari Alhaji ya ga aikin ɗan boko.

Kaji suka dinga fitowa fata a saluɓe. Kafin wani ya farga, an ɓata kwando biyu.

Alhaji ya kira injiniya. Mutumin ya kwance wani ɗan ƙarfe mai jin zafi daga cikin tankin, duk farin datti na ruwan burtsatse ya lulluɓe shi. Ya ce allurar ce ke ƙarya, yaron ba shi da laifi, sai dai a ƙara koya masa wanke shi.

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai fa? Hannunka na cikin ruwan nan. Ba ka ji ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ka yi magana, da ku biyu zan haɗa a ɗakin," ya ce. "Je ka ɗauki shebur."

Tun daga ranar kashin kaji nake lodawa a buhu, manoma suna zuwa da amalanke suna kwasa.