Golar da Aka Cire wa Hula

Da, in na shiga babban kantin nan da ba shi da nisa da gidan ɗana a unguwar Ain Khaled ta Doha, filin ƙanƙarar da ke tsakiyarsa nake nufa, don sanyinsa yana tuna mini da shekarun karatuna a Rasha. Yanzu ta wata ƙofar nake bi.

Wani mai gadi Bakatsine ne ya haɗa ni da wata mata da ke aiki a filin. "Baba, kai da ka zauna ƙasarsu, zo ka ji mana. Baturiyar nan kullum sai ta zagi kafil, ubangidanta mai wurin nan, da yarenta."

Zagin kuwa take yi, irin wanda ba ya fassaruwa. Da na gaishe ta da Rashanci ta yi sororo, daga ranar ta koma kirana Kaka.

Gola ce a wasan hoki na ƙanƙara. Tana ƙarama samarin unguwarsu suka tsayar da ita a raga, don babu mai son shan jifa. Ta kai har babbar ƙungiya, gwiwarta ta samu matsala, aka sallame ta, ta zo Doha tana koya wa yara zamiya. Na ga gololi a Kano da Alƙahira, duk da hannu suke kamu. Na hoki kuwa har da ƙirji da fuska suke tarewa, kuma abin da ake bugowa da sanda baƙar roba ce mai tauri kamar dutse. Shi ya sa suke sa hular kwano mai ragar ƙarfe.

Da korona ta zo aka kashe injin sanyaya filin, ƙanƙarar ta narke, ta zauna a ɗaki tana jifan bango da ƙwallo tana cafewa. Gwiwar ta warke a wannan zaman. Gab da gasar kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da aka yi a nan, tsohon kocinta ya kira: in an gama gasar ta je a gwada ta. Abin da take bukata kawai ƙanƙarar atisaye. Kafil ya ba ta safiya, da sharaɗin da yamma ta tsaya a raga baƙin gasar su riƙa buga mata.

Babu wanda ya iya zura mata ko ɗaya a raga, layin masu bugu ya fara raguwa. Kafil ya aika a kira ni.

"Ya Hajji, gaya mata ta cire hular nan. Mutane ba su ma san mace ba ce."

"Kaka," in ji ta, "tambaye shi ko ya taɓa riƙe robar nan a hannunsa."

Ya yi dariya. "Waɗannan ko tsayuwa ba su iya ba. Yalla, ta cire, ko kuwa halas, shi ke nan, babu atisayen safe."

Ta cire. Yawancinsu faɗuwa suke kafin su buga. Amma wata yamma aka sami wani ƙato da ya taso a ƙasar sanyi, ya san riƙon sanda. Robar ta same ta ƙarƙashin ido. Tana durƙushe jini na ɗiga a ƙanƙara, mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

"Wallahi Baba, ko jaki ba a yi wa haka," in ji Bakatsinen. Washegari shi ne ke tsara layi, don ya kai har bakin matakala. Kowa so yake ya ga kumburin.

Kumburin ya saɓe, amma na lura da wani abu a atisayen safe. Ko da hular a kanta, da an ɗaga sanda sai ta runtse ido ta kau da kai. Na yi zaton zai wuce.

Bayan gasar ta tafi gwajin, ba a jima ba ta dawo. Na same ta tana ɗaure wa wata yarinya takalmi.

"Kocin bai ma dubi gwiwar ba, Kaka. Ya buga mini kaɗan, yana kallon idona, ya ce in je in canza kaya."

Har yau tana koya wa yara zamiya a wurin, kafil ɗin ma shi ne. Ba ta ƙara tsayawa a raga ba.