Malam da Dalmar da Ya Ƙi Cirewa Daga Baki

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Ƙanƙara suka sani da Malam Mai Talbijin. Kullum ina yi masa addu'a, amma ba zan ɓoye wa masu karatu ba, har gobe in na tuna taurin kansa sai raina ya ɓaci.

Lokacin da kuɗin fetur ya ɓarke, ma'aikata da 'yan kasuwa suka shiga sayen talbijin, ko da da batirin mota za a kunna shi. Malam ya koyo gyara a Zariya, ya buɗe shago a zauren gidanmu, ni kuwa ina koyarwa a firamare. Daga Faskari har Sabuwa ake ɗauko masa aiki. Hannuwansa biyu ba sa isarsa, don haka sai ya riƙe wayar dalmar da yake liƙi da ita a haƙora. Da hannun nan zai ɓare goro, da shi zai ci tuwo. Talbijin da ya mutu murus kuwa, sai ya fasa ƙatuwar kwalbarsa, ya cire jan ƙarfe, ya watsar da gilashin da wani farin gari a bayan gida, kusa da inda nake shuka alayyaho.

Da kajina suka fara mutuwa na yi masa magana. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, gilashi ne hwa. In da guba ce, Bature zai sa ta cikin ɗakinai?" Na sake yi, na kai ƙara wurin yayansa, duk a banza. Dole na daina shuka a wurin.

Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. A hankali ciwon ciki ya kama shi, hannu ya soma rawa, mantuwa ta shigo, daga baya ƙoda ta taɓu. Wani likita a Funtuwa ya tambaye shi sana'arsa, aka auna jini, aka ce dalma ta yi masa yawa. Ba zan rantse ita kaɗai ta kai shi kabari ba, ajali na Allah ne. Amma ni na yi jinyarsa, na san abin da na gani.

Abin mamaki, mutumin da ya ƙi jin tawa shi ne ya koma mai wa'azi. Yana dogara sanda yake shiga mota zuwa Sheme da Sabuwa, yana bin masu gyara shago-shago yana nuna musu hannunsa. Yawancinsu dariya suka yi masa, irin wadda ya yi mini.

Ranar kasuwar 'Yankara da ta wuce na je sayen gero, sai na tarar da tulin tsofaffin allunan kwamfuta, masu doron nan da ofisoshi suka yar. 'Yan gwangwan na farfasa su da guduma, suna ƙona wayoyi, hayaƙin na sauka kan kaskon wata mai tuyar awara. Ɗana da ke harkar kwamfuta ya faɗa mini cewa kwalbar masu doron cike take da dalma, wasu shafaffun kuma akwai zaiba a fitilunsu. Ya ce ƙasashen da ke ƙera su sun daɗe da ƙayyade yawan gubar da za a sa, sun kuma hana zubar da su a juji. Mu ma, in ji shi, muna da doka. To tana ina? Na ga dai mai karɓar harajin kasuwa ya tsallake tulin ya wuce abinsa.

Na kasa haƙuri na yi wa babban 'yan gwangwan ɗin magana. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Hajiya, in da abin na kisa ne, ai gwamnati ba ta bari a shigo da shi." Har bayan wannan tsawon zamani, amsar ba ta sauya ba.

Da Malam na raye, na san da sai ya zauna a gabansu ya ƙi tashi. Shi a zamaninsa yana da uzurin rashin sani, babu wanda ya taɓa gaya masa sai matarsa, ita ma kaji ne hujjarta. Mu da muka ji labarin yaran da gubar dalma ta kashe a jihar da ke maƙwabtaka da mu, mene ne namu uzurin?

Shagonsa ya zama ɗakin ajiyar hatsi, masu tuna shi sun ragu. Amma bara wani dattijo mai gyaran waya daga Sabuwa ya zo gaishe ni. Da aka kawo abinci ya ƙi taɓawa sai da aka ba shi sabulu, ya ce tun ranar da Malam ya kasa riƙe kofin shayi a shagonsa na Sabuwa bai sake cin abinci da hannun aiki ba, kuma haka ya horar da duk wanda ya koya a wurinsa. Mutum ɗaya ke nan cikin masu yawa. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa wannan ɗayan ya zame masa sadaka mai gudana.