Gwangwanin da Aka Hana Ruwa

Kaka ce. An gama girbin gero, dammuna na jingine a gonaki ana jiran amalanke, dawa kuma ta fara nuna. Shekarar ba ta zo mana da abin kuka ba. Ruwa ya sauka da wuri, ya ɗauke a kan lokaci, wake ya yi kyau, ko'ina ka duba harawa ce a kan katanga. Rana dai tana zafi irin na bayan ɗaukewar ruwa. A shekarar ne kwalejin horon malamai ta turo 'yata ta fari gwajin koyarwa a wata firamare a nan garinmu, Babban Mutum.

Ba na kiran sunanta. Haka na taso na tarar, ɗan fari ba a ambaton sunansa, ba a kuma zama hira da shi. Tun da aka yaye ta ɗakin surukata ta koma, wadda muke ce wa Iya, can ta girma. In ina son ta sai in ce "ke," ko in yi aike. Da ta fara fita da littattafai a hannu, yaran unguwa suka soma ce mata Malama, sai ni ma na samu abin kiranta.

Wata rana ina tankaɗe a gefe na ji tana faɗa wa Iya yadda gwajin yake. Wani malami zai zo daga kwalejin, ya zauna a bayan aji ya ga yadda take koyarwa. In ya gamsu, ta wuce. In bai gamsu ba, sai baɗi ta sake, 'yan ajinsu su karɓi takardarsu su bar ta. Ban ɗaga kai ba, amma na ji komai.

Aji uku aka ba ta, darasin kimiyya. Ranar da ta fara zuwa ta dawo hijabinta duk ƙura. Ta ce ɗakin ba komai sai benci bakwai da allon da ya yi fari fat, ƙofar kuma ba sakata, awaki ne ke kwana a ciki. Asabar ɗin na ɗauki tsintsiya da bokiti na bi ta. Muka share, muka wanke daɓen. Na daka gawayi da ganyen tafasa muka shafe allon har ya koma baƙi. Ta jera benci bibbiyu suna fuskantar juna, wai don yara su riƙa ganin hannun juna in suna aiki. A kusurwa ta aza wani tsohon katako a kan bulo, ta ce nan ne wurin kimiyya.

Kayan wurin kusan duk daga gidanmu suka fito. Gwangwanayen madara da na tumatir, kwalabe, yashi a kwano ɗaya, laka a wani, jar ƙasa a wani. Har madubina da ya tsage sai da ya tafi. Maganaɗisu kawai ta samo daga Daura, wurin wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Ya ciro mata daga tsohon inji, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce matarsa ma malama ce.

Iya ta dubi tarkacen ta ce, "Wai ke malanta aka tura ki ko jari bola?"

"Tsohuwa, ke ma da zan same ki da na ajiye ki a kan katakon, yara su ga yadda fata ke tsufa."

"Sai dai ki ajiye ubanki."

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, shekara biyu ina zuwa bayan la'asar da goyo a baya. Na iya karanta wasiƙa, na iya rubuta ta, amma kimiyya ba mu taɓa ta ba. Don haka duk abin da ta nema sai in ba ta, ban tambayi amfaninsa ba. Ko da ina son tambaya, bakina ba ya buɗuwa a gabanta.

Ana saura kwana goma sha uku malamin ya zo, ta sa yaran suka shuka wake a gwangwanaye. Aka shiga ɗan hutun tsakiyar zango, ita kuma za ta Daura ta kai littafin shirin darasinta kwaleji a duba, za ta kwana biyar gidan ƙanwar babanta. Saboda awaki, ta kwaso gwangwanayen a faranti ta kawo gida. Guda tara ne, uku-uku. Ta jera shida a gindin katanga, uku kuma ta kai bayan randa ta kife musu tsohuwar tukunya. Ta tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Inna, ga waɗannan, a kiyaye su daga awaki. Masu jan zare a wuya su ake ba ruwa."

Na ce, "To."

Ta tafi. Washegari na zo ban ruwa, na tarar uku daga cikin na gindin katanga ba su da zare, ƙasarsu a bushe ƙamas, ko ɗigo ba a taɓa zuba musu ba. Na ce a raina zare ne ya ƙare mata, ga saurin tafiya. Wa zai shuka abu ya hana shi ruwa? Na zuba musu. Na je bayan randa na ɗaga tukunya, ga masu jan zare uku a cikin duhu, waken ya fara tsaga ƙasa. Na ce wannan tsoron awaki ne ya sa ta kife su, amma shuka ba ta rayuwa ƙarƙashin tukunya. Na fito da su rana, na kewaye duka taran da ƙaya. Safe da yamma ina ba su ruwa. Har takin tumaki na marmasa musu.

Suka yi kyau ƙwarai. Kafin kwana biyar duk sun fito, ganye kore shar, kai ɗaya kamar an gwada su da zare. Na riƙa ratsawa ta wurin ko ba ni da abin yi. Abin da ba zan iya faɗa mata da baki ba, ina ganin ga shi nan a gindin katanga, za ta gani da idonta.

Ta dawo ran Asabar da azahar. Ta gaishe mu, ta ajiye jaka, ta nufi bayan randa. Na ji ta ɗaga tukunya. Sai ta zo gindin katanga ta durƙusa, ta daɗe tana kallo.

"Inna, wa ya fito da waɗannan?"

"Ni ce."

"Marasa zaren fa?"

"Su ma na ba su. Na ga an manta da su."

Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta zauna a kan turmi ta yi bayani, tana kallon ƙasa. Uku za a ba su ruwa da rana. Uku a ba su rana a hana su ruwa. Uku a ba su ruwa a hana su rana. Ranar da malamin zai zo, yara za su jera su, su gani da idonsu abin da shuka ke buƙata, su faɗa da bakinsu. Darasin ke nan da ta rubuta, shi aka sa wa hannu a kwaleji, ba dama ta canza. Yanzu duka taran sun zama abu ɗaya. Malamin kuma ran Alhamis zai zo, wake ba zai fito ya nuna bambanci a kwana biyar ba.

Iya ta ce, "Garin neman gira an rasa ido." Sai ta juya kan jikarta. "Ke ma da bakinki kamar an ɗinke. Da kin yi mata wannan bayanin tun farko, da wuyanki zai karye?"

Na koma madafa na zauna. Abin da ya fi damuna, kalma ɗaya ce da na tambaya, da ba a zo nan ba.

Ina nan zaune idona ya faɗa kan buhun da nake rufe tsiro da shi. Duk azumi ina yin tsiron gero na kunu. A jiƙa shi, a tsane, a shimfiɗa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kwana biyu ya fasa baki. Na kuma san wanda ke tsakiyar buhu fari yake fitowa, mai ɗan rawaya, wanda ya leƙo ta gefe ya samu haske shi ke yin kore. Shekara da shekaru ina ganin haka, ban taɓa ɗauka wani abu ba ne.

Na fito na tsaya ɗan nesa da ita na ce, "Malama, dole sai wake?"

Ta ɗago. Ta buɗe littafin ta duba, ta ce iri kawai ta rubuta.

Na ce, "To gero ya fi shi sauri." Na gaya mata yadda nake yi. Ina jin rabon da in yi mata magana mai tsawon haka tun tana goye. Ta tashi za ta ɗebo daga sabon damin da aka sussuka, na ce a'a, sabon gero yana da nawar fita, na bara za a ɗebo a ƙasan rumbu. Ta ɗauko biro ta rubuta wannan ma.

Muka jiƙa shi da la'asar. Lahadi ya wuni ƙarƙashin buhu. Litinin da safe kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin baki. Ta kai aji, yara suka shuka a sababbin gwangwanaye shida, sauran ukun kuma suka zuba busasshen gero a busasshiyar ƙasa. Kullum in an tashi ta dawo da su gida, da safe ni nake ɗaukar farantin a ka in kai mata ƙofar aji, tukunyar a kife a kan nata ukun. Duk lokacin da na wuce busassun nan sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Iya ta lura, ta riƙa cewa, "A ɓoye buta, ga mai tausayin gwangwani nan."

Alhamis na kai farantin. Ta ce in kawo na waken ma, na koma na ɗauko. Ya kamata in juya gida, don bai dace a ga uwa tana leƙen 'yar fari ba. Amma na zagaya bayan ajin na tsaya gefen taga, inda ba a ganina.

Malamin dattijo ne mai farin gilashi, ya zauna a bencin baya da takarda a cinya. Ta raba yaran gida uku, kowane da gwangwanayensa. Suka auna tsiron da tsinken tsintsiya, suka zo suka zana tsawonsa a allo. Na rana gajeru ne, kore. Da aka ɗaga tukunya ajin ya ɗauki surutu, don na ƙarƙashinta sun fi tsawo, amma sirara, rawaya, suna sunkuyawa. Busassun kuwa ba abin da ya fito. Wata yarinya ta tona da yatsa ta ciro ƙwayar gero yadda aka sa ta. Malama ba ta faɗa musu amsa ba, tambaya kawai take yi, suna ba ta.

Sai malamin ya nuna waken da ke kan katako ya ce, "Waɗancan fa?"

Kafin ta buɗe baki yaran suka haɗa murya, "Innar Malama ce ta ba su ruwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ta gaya musu tun Litinin. Ta ɗauko gwangwani uku na waken ta jera, ta tambaye su ko za a iya gane abin da shuka ke buƙata daga waɗannan. Suka ce a'a. Ta ce don me? Yarinyar da ta tona ƙasa ta ce, don duk an yi musu abu ɗaya. Malamin ya cire gilashi ya yi dariya, sannan ya daɗe yana rubutu.

Ban jira an tashi ba. Da ta dawo da azahar, Iya ce ta tare ta a zaure. Na ji Malama tana cewa malamin ya gaya wa hedimasta ba sai ya sake dawowa ba, ta wuce. Ya kuma ce a gaida mai ban ruwa. Iya ta yi ta dariya har da tari. Ni ina bakin murhu, na ce, "Alhamdu lillahi," na ci gaba da tuƙin tuwo.

Washegari da safe, bayan na yi shara, na tarar da farantin a gindin katanga. Busassun gwangwanayen nan uku suna gefe, kwana huɗu ke nan ba su ga ruwa ba. Na cika buta, na je ƙofar ɗakin Iya inda take shirin fita, na ce, "Malama, an gama da waɗannan? In ba su?"

Ta ce, "Ba su, Inna."

Na zuba musu a hankali don kada ƙwayar ta taso sama, na matsar da su inda rana ke fara sauka.