Fis Ɗin Da Bai Yanke Ba

Jama'a, wallahi ba ji na yi ba, a kaina ya faru, lokacin ina gyaran wayar mota a wata rumfa a Orozo. Wanda ya ga dama ya ce ƙarya nake, ni dai na san abin da ya raba ni da sana'ata.

Akwai wani direba, Sale, mutumin Zariya, mai jigila zuwa Karshi. Mutumin kirki ne, amma akwai son ƙyale-ƙyale, ya cika motar nan da ƙarin fitilu, shuɗi a ƙasa, fari a sama, ga katuwar sifika, ga oda mai kukan tirela, kai ka ce gidan biki. Kullum sai fis, ɗan abin nan da ke katse wuta idan ta yi yawa, ya yanke, fitilun gaba su mutu. Na sa masa mai lamba goma sha biyar ya ƙone, na sa talatin ya ƙone, na ce Sale a rage kayan nan, ya ce, "Haba Oga, da su fasinja ke gane ni."

Ranar wata Juma'a ya zo ina haramar masallaci, kuma gaskiya na gaji da shi. Maimakon in bi waya in nemo inda take taɓa ƙarfe, sai na naɗe mataccen fis ɗin da zaren tagulla na cusa masa, irin abin da ni da bakina nake zagin masu yi. Na ce ya dawo gobe.

Asabar da azahar, rana tsaka, sai ga shi a ƙafa, ba mota, yana ƙaurin ƙonanniyar roba. Ya ajiye fis ɗin a kan teburina ya ce, "Oga, ka yi aiki, wannan karon bai yanke ba." Ko kaɗan ba fushi a muryarsa. Na kai hannu, wayyo, sai da ya ƙona min yatsa, kafin in ɗago kai ya tafi.

Da la'asar direbobin tasha suka zo min ta'aziyya. Wai tun jiya da yamma motar ta kama wuta a gangaren Karshi, shi kaɗai a ciki, wayar makulli ta narke ƙofofin suka ƙi buɗuwa, da safe aka yi jana'izarsa. Innalillahi! To wa ya zo wurina?

Ban gaya wa iyalinsa ba, ba ni da wannan zuciyar. Na yi istigifari, na yi sadaka, amma da na buɗe bonet sai in mayar in rufe, dole na bar aikin, yanzu ruwan leda nake sayarwa a Durumi. Fis ɗin yana nan cikin gwangwani, shekara da shekaru, kuma har yau da ɗuminsa.

Don Allah idan fis ɗin motarku ya yanke, ku nemi dalili, kada ku bari a naɗe shi. Shi ne ke ƙonewa a madadinku.